Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gidan Kula da Tsofaffi da Zuwan Masu Duba

A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, duk wanda ya buɗe gida yana riƙon tsofaffi ko manya masu lalura, yana ciyar da su, yana taimaka musu da wanka da shan magani a kan kuɗi, sai ya mallaki lasisin gwamnatin jiha. Dokar jihar ta kasa irin waɗannan gidaje kashi biyu: mai ɗaukar mutum 2 zuwa 6, da mai ɗaukar 7 ko fiye. Ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke ba da lasisin, ita ke aiko da masu duba, kuma ba ta sanar da ranar zuwansu. Sakamakon binciken yana fita fili, har da taurarin da ake ba kowane gida, domin iyalai su san inda za su kai iyayensu.

Wannan rashin sanarwa shi ne ginshiƙin tsarin, kuma shi ne abin da masu gidaje da dama suka kasa fahimta. Idan suka hango lokacin bincike ya ƙarato, sai a shiga fenti da goge-goge, a kwana ana cike takardun da aka yi watanni ba a taɓa ba. Irin wannan shiri wahala ce kawai. Gidan da ya cancanci lasisi shi ne wanda aikinsa na ranar Talata da tsakar dare bai bambanta da na ranar da baƙi suka zo ba.

Abubuwan da ake dubawa su da kansu sun nuna haka. Mai duba zai ɗauki kundin magani ya gwada shi da umarnin likita, sannan ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Zai buɗe fayil ɗin kowane ma'aikaci ya ga ko an binciki tarihinsa kafin ɗaukarsa, ko an yi masa gwajin tarin fuka, ko ya samu horon da doka ta tanada. Zai auna ruwan zafin famfo, wanda ƙa'idar jihar ta ce kada ya gaza digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, kada kuma ya haura 46.7, saboda fatar tsoho ba ta jure abin da ta matashi ke jurewa. Zai nemi shaidar atisayen gobara, wanda ake so a yi duk bayan wata uku ga kowane rukunin ma'aikata, har da na dare. Daga nan zai zauna da mazauna gidan ya ji ta bakinsu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya ƙagawa cikin kwana guda ba tare da asiri ya tonu ba: sa hannun wata uku da aka yi da biro ɗaya a zama ɗaya ba ya ɓuya ga ƙwararren ido.

Akwai ƙorafi mai tushe a nan, kuma bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba. Ma'aikatan waɗannan gidaje albashinsu kaɗan ne, aikinsu da yawa, kuma duk mintin da suka ɓata a kan takarda an cire shi ne daga lokacin da za su zauna da tsohuwar da ke buƙatar a ba ta abinci a baki. Gaskiya ne kuma cewa gida na iya cika kowace takarda tsaf alhali babu tausayi a cikinsa. Sai dai a tuna ko su wane ne ke zaune a ciki. Da yawansu mantuwar tsufa ta kama su. Ba za su iya faɗin ko sun sha maganin hawan jini da safe ba, ko an ba su sau biyu. Kundin magani shi ne bakin wanda ba ya iya ba da shaida. Idan ma'aikaciyar rana ta tashi ba ta rubuta ba, ta dare za ta yi aiki da zato, kuma zato a kan allurar ciwon sukari na iya kai mutum kabari.

Yawancin ƙa'idojin nan ma sai da aka yi asara aka rubuta su. A watan Satumba na 2017, bayan guguwar Irma ta katse wutar na'urar sanyaya ɗakuna a wani gidan jinyar tsofaffi a garin Hollywood na jihar Fulorida, an tabbatar da cewa zafi ne ya yi ajalin mutum 12 daga cikin mazaunansa. Bayan haka jihar ta wajabta wa irin waɗannan gidaje tanadin janareta da man da zai riƙe sanyin ɗaki har tsawon sa'o'i 96. Layin da mai gida ke gani kamar takura a takardar bincike, sau da yawa akwai gawa a bayansa.

Saboda haka shiri na gaskiya ba shi da wani sirri. Mai gida ya ɗauki ma'aunin da hukuma ke amfani da shi, ya binciki kansa da shi kowane wata, a lokacin da ma'aikatansa ba su zata ba. Ya riƙa duba kundin magani a ƙarshen kowane aiki, tun wadda ta yi kuskuren tana nan. Ya rubuta ranar ƙarewar kowace shaidar horo a inda kowa zai gani. Idan ya tarar da giɓi, ya bar shi a matsayin giɓi, ya rubuta dalili da gyaran da aka yi; domin kuskuren da aka amsa yana ƙarewa ne da tsarin gyara da hukuma za ta nema, amma takardar bogi na iya cin lasisin gaba ɗaya.

Mai duba yana zuwa ne na kwana ɗaya ko biyu, ya tattara takardunsa ya tafi. Tsohon da ke ɗaki na uku kuwa yana nan duk sauran kwanakin shekara, kuma dominsa aka kafa ƙa'idar tun farko.