Gandun Daji Goma a Takarda, Yara Suna Ƙwallo a Kan Titi

A ƙarshen 2020 gwamnatin Buhari ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da fadamar Haɗeja a Jigawa. Aka yi ta tafi. Shekaru sun shuɗe, har yau ba mu ga magidancin da zai kwashi iyalinsa ranar Sallah ya ce Kogo za su shan iska ba. Kamuku da ke Birnin Gwari kuwa, kowa ya san 'yan bindiga ne suka mayar da shi gida.

Mun gaji da sanarwa. Muna son gwamnatin tarayya ta rubuta wuraren shaƙatawa cikin manufofin ƙasa, da doka da kaso a kasafin kuɗi, kamar asibiti da makaranta.

Za a ce mai jin yunwa ba ruwansa da yawon shan iska. Mun ji. Amma talakan nan shi ne ke kwana da 'ya'ya bakwai a ɗaki ɗaya cikin zafin Afrilu, ba wuta. Ɗansa ne ke buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin motoci. Likita ya ce wa matarsa mai hawan jini ta riƙa tattaki, ta taka ina? Mai kuɗi yana da lambu a gidansa, in ya gaji ya hau jirgi zuwa Dubai.

Kuma ba daji kaɗai ake cinyewa ba. Ba mu manta da shagunan da aka dasa a filin Idi na Kano ba, da gine-ginen filin sukuwa, da yunƙurin kwashe gidan zu na Audu Bako daga cikin gari. An rushe wasu a 2023, amma rusau ba doka ba ce. Gwamna na gaba yana iya sake yanka su. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, shi ya sa filin wasan unguwa ke zama fuloti cikin dare.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta yi doka: duk sabuwar unguwa a ware mata filin wasa da itatuwa, a haramta sayar da shi, wanda ya sa hannu a sayarwa ya gurfana gaban kotu. Ma'aikatar Muhalli kuma ta fito ta faɗa wa jama'a nawa aka kashe a gandayen nan goma, da ranar da za a buɗe ƙofar kowanne.