Gahawar Mambila da teburin mai shayi a Maigatari

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san cewa kafin a shiga cinikin shanu da raƙuma sai an bi ta teburin mai shayi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, gahawar da ake kaɗawa a can ta gwangwani ce ko ta 'yar leda, alhali ana noma ta a tsaunin Mambila na jihar Taraba.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2023 aka saki Naira, duk abin da ake saye da dala ya tashi. Sannan a Fabrairun 2025 farashin gahawa nau'in arabika ya haura dala 4 kowace laba a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba, galibi saboda fari a Brazil. Ma'aikacin Gumel ko na Gagarawa da ke sayen gwangwani daga albashinsa shi ke biyan wannan kuɗi, ko ya sani ko bai sani ba.

Alhali suyar gahawa ba ta fi ƙarfin matar da ta iya suyar gyaɗa ba. Kasko ne da garwashi. A zuba ɗanyun 'ya'yan, a yi ta juyawa kamar minti goma sha biyar, har su yi ƙara su koma ruwan ƙasa. A baza su a faifai su huce, a daka a turmi, a tafasa da citta ko kanumfari, kamar yadda mutanen Sudan ke yi. Sai dai kaɗan-kaɗan ake dakawa, domin ƙamshin garin ba ya daɗewa.

A ganina, ba rashin iyawa ke damun mu ba, rashin ɗanyen kayan ne. Ka zaga rumfunan kayan yaji daga Sule Tankarkar zuwa bakin iyaka, da wuya ka samu mudu guda. Ga mu da dillalan da ke tara zoɓo da riɗi har su kai ƙasashen waje, amma ban ga wanda ya yi tunanin ɗauko buhun gahawa daga Gembu ba. Manomin can na neman mai saye, mu nan muna kukan tsada, kuma babu kwastan ko ɗaya tsakaninmu.