Daga kaskar gyazbi zuwa fadamar Sakumo

Watan jiya wata ɗalibata 'yar aji uku ta zo mini idonta jajur. Ta gaya wa babanta cewa in Allah Ya kai ta jami'a, ilimin dabbobi za ta karanta. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Ai ga tumaki nan a bayan gida, je ki karanta su." Mahauci ne, mutumin kirki, na san ba da mugunta ya faɗa ba. Haka yawancinmu muke a Zango: in yaro ba likita ko lauya zai zama ba, gani muke kuɗin makaranta ya faɗa rijiya.

Da na same shi a rumfarsa, labarin Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta Jami'ar Gana da ke Legon na ba shi. Wannan baiwar Allah, digirin da ta zama dakta da shi a Jami'ar Edinbara a 1980, a kan kaska ta yi shi. Ba ma kaskar shanu ba, kaskar gyazbi, naman dajin nan da ake kira akrantiye a kasuwa. Nan ma sai da ya sake dariya.

To amma kaska ba ta zama wuri guda. Kafin ka san ta, sai ka san dabbar da take tsotsa, da ciyawar da take laɓewa a ciki, da lokacin da take yawa. Shi ya sa mai binciken kaska dole ya shiga daji, ya zauna da mafarauta, ya tsaya a kasuwar nama yana duba fata. A 2004 ita da abokan aikinta suka fitar da jerin ire-iren kaskar Gana, da yadda suke rarrabe a jikin namun daji daga kurmin kudu zuwa filin ciyawa. Na ce masa, "Baba, kircin da ke ɓata fatar sa har ya karya masa kuɗi, ai ka san da hannun kaska a ciki." Daga nan ya bar dariya.

Daga kasuwar nama ta kai ga tambayar da ta fi girma: mutane nawa ne cikinsu ya dogara da daji, kuma yaya za su yi in ya ƙare? A 1997 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga littafinta kan namun daji da wadatar abinci a Afirka. Ta kuma yi rubutu kan ƙananan kurmin da ƙauyuka ke tsarewa da al'ada, ba mai sa musu gatari. Mu dai ba ruwanmu da abin da ake yi a ciki, amma bishiyoyin suna nan tsaye, alhali na kewaye sun zama gawayi.

A jami'a, ana auna malami da yawan takardun da ya buga da yawan waɗanda suka ambace shi. Ban raina wannan ba. Amma ni malamin aji ne, abin da ya iso ƙofar makaranta nake dubawa. A shekarun 1980 yara a bakin tekunmu suna ɗana tarko suna kama wasu fararen tsuntsayen ruwa da ke tasowa tun daga Turai. Ita ta jagoranci aikin ceto su, kuma maimakon a bi yaran da bulala, makarantu aka shiga aka kafa musu ƙungiyoyin kare namun daji. Ƙirgen tsuntsayen da aka yi ta yi ya taimaka har a 1992 aka sa fadamu biyar na bakin teku cikin yarjejeniyar Ramsar: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu da Muni.

Gaskiya ɗaya ce, takarda ba ta tsare fili. Duk mai bin hanyar Tema ya ga yadda gine-gine ke cinye Sakumo, kuma in ruwa ya rasa inda zai kwanta, gidajen talakawa yake nema. Tsoron baban ɗalibata ma ba na banza ba ne, aiki a wannan fanni ba a tsince shi a hanya. Abin da ke ci mini rai dai shi ne, shanu namu ne, mahauta mu ne, fata a hannunmu take, amma da wuya ka ji sunan ɗan Zango cikin masu nazarin cutar dabbobi.

Bai ce mini ya yarda ba. Ya dai ce yarinyar ta zo mayanka ranar Asabar da kwalba, zai sa yaransa su tsinto mata kaska ta kawo aji.