Ganin Likita: Mai Kuɗi Yau, Talaka Sai Wata Rana

Ya ku 'yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa maza da mata, 'yan tebur da 'yan koli da masu dako, yau za mu taɓo maganar da kowa ya sani amma manya ba su so a faɗa, wato maganar ganin likita. Ba ranar da mota ta buge mutum aka kwashe shi ranga-ranga muke nufi ba. Muna nufin zuwan nan na yau da kullum: awon ciki, gwajin hawan jini, duba ciwon suga, da komawa ranar da likita ya ce a komo. A nan ne aka raba 'yan Nijeriya gida biyu, masu ganin likita ranar da suka so, da masu ganinsa ranar da Allah ya nufa.

Ku dubi mai sayar da tumatir da ciwon kai ya dame shi. Daga sallar asuba ya kama hanyar asibitin gwamnati, ya yi layin yankar kati, ya karɓi lamba, ya zauna bisa benci har azahar. In ya yi sa'a ya shiga, likita ya dube shi 'yan mintoci kaɗan, ya ce a je a yi gwajin jini. Ya isa ɗakin gwaji, a ce an rufe karɓa, sai gobe. Gobe ya ba da jini, a ce sakamako sai jibi. In kuwa ciwon na babban likita ne, sai a rubuta masa ranar da ke can bayan makonni. To, kwana uku ke nan rumfa a rufe, tumatir ya ruɓe, ga kuɗin mota, ga cefanen gida. Ma'aikacin ofis in ya wuni a asibiti albashinsa ba ya raguwa ko kwabo. Mai kuɗi kuwa waya kawai zai buga, a ce masa ya zo bayan la'asar a asibitin kuɗi, sau da yawa ma likitan da talaka ya wuni yana jira shi ne zai tarar a can. Wani kuma takardar wani babba ce za ta wuce da shi gaban mutum hamsin.

Sai ka ji waɗansu masu manyan riguna suna cewa wai talaka jahili ne, ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Ƙarya suke yi. Talaka ya san rigakafi ya fi magani, lissafi ne kawai ya yi, ya ga wuni ɗaya a layi daidai yake da tukunya ɗaya da ba za a ɗora ba. Don haka yake tsayawa kemis ya sayi ƙwayar kashe zafi, ya koma rumfarsa. Alhali kuwa hawan jini ba ya sallama. Yana nan shiru shekara da shekaru, ran nan sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace a koma wankin ƙoda, wanda yake cinye gona da gida. Haka mai ciki: awon hawan jini da gwajin fitsari a wurin awo su ke nuna alamar jijjiga tun ba ta zo ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. Ina mai tuyar ƙosai za ta sami wuni takwas na zubarwa? Ga shi kuwa bisa ƙiyasin hukumar nan, a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya saboda ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne.

Ba da likitoci muke faɗa ba. Su kansu kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, ga shi suna ta ficewa Ingila da Saudiyya neman inda za a biya su haƙƙinsu. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi yajin aiki na wata biyu. Wa ya sha wuyar? Wanda ranar da aka rubuta masa ta faɗa cikin yajin, ya koma gida da katinsa. Asibitin kuɗi kuwa ƙofarsa a buɗe take.

Da masu mulki muke, kuma ga hujjarmu. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A gidanmu aka yi taron, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2005 aka fara inshorar lafiya ta ƙasa, da wa aka fara? Da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, masu albashi. A 2014 aka yi dokar da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ƙananan asibitoci. A 2022 aka yi wata da ta ce inshora dole ce ga kowa, har da asusu na marasa galihu. Dokoki dai ga su nan birjik, amma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. Su kuwa masu sa hannu a dokokin ba su san benci ba. Shugaba 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009. Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, can kuma ya rasu a 2025. Allah ya jiƙansu, ba mu yi wa kowa dariyar ciwo. Amma in asibitin ƙasa bai isa shugaban ƙasa ba, a gaya mana wa aka gina wa shi.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Ingila ta mai da ganin likita kyauta tun 1948, bayan yaƙi ya bar ta cikin bashi. Gana ta kafa inshorar ƙasa a 2003 don ta kashe al'adar biya kafin a duba ka.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a riƙa ba mutum rana da sa'a, tun da kusan kowane gida akwai waya, a daina tara jama'a tun asuba kamar garke. Na biyu, a buɗe ɗakin duba marasa lafiya da yamma, a kuma kafa wurin gwajin hawan jini da suga a cikin manyan kasuwanni. Na uku, a shigar da 'yan kasuwa inshora ta hannun ƙungiyoyinsu, su riƙa zubi kaɗan-kaɗan kamar adashi. Na huɗu, layi ya zama ɗaya, takardar babba ta daina aiki. Na biyar, a liƙa a ƙofar kowane ƙaramin asibiti nawa aka aiko masa, me aka yi da shi.

Ya ku 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kai maganar nan taron reshe da taron 'yan kasuwa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, kafin ku karɓi atamfarsa da sabulunsa, ku tambaye shi a wane asibiti matarsa take awo.