Hasumiyar Gobarau da ramin zinare



A hutun da ya wuce, yayansu ya same ni ina tankaɗe ya ce: "Inna, ki bar ni in bi abokaina wajen haƙar zinare, sati biyu kawai, in samo kuɗin waya." Shekararsa 14. Ban ce masa uffan ba, amma ranar barci sai ɓarawo. Duk uwar da ke Karakkai, Bunguɗu ko Tsafe ta san irin wannan magana. In ba ta ji ta a ɗakinta ba, ta ji ta a maƙwabta.

Ana cikin haka biki ya kai mu Katsina. Muka yi sammako saboda yanayin hanya, muka wuce Dutsen Kwatarkwashi rana na fitowa. Da aka watse biki, ƙanwar maigidana ta ce ba za mu koma ba sai yara sun ga Hasumiyar Gobarau.

Ginin ƙasa ne mai hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, tsayinsa kimanin ƙafa 50. Ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda tarihi ya sani a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. A da babban masallaci ne da makaranta a wurin. Daga saman hasumiyar ake kiran salla, daga nan kuma ake hango abokan gaba tun suna nesa. Masallacin ya daɗe da rushewa, hasumiyar ce ta rage, ita ma don ana bin ta da yaɓe da gyara.

Yayansu ya shafa bangon ya ce: "Inna, wai duk wannan da ƙasa aka yi shi?" Na ce da ƙasa, irin wadda kake son shiga ramin ta. A nan na sami bakin yi masa maganar da na kasa yi a gida.

Na ba shi labarin shekarar 2010, lokacin ba a ko haife shi ba. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, mutane suna kwaso duwatsun zinare suna daka su, suna niƙa su a cikin gidaje. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi kwanuka da tabarmi, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu kafin likitocin ƙungiyar MSF da hukumomi su shawo kan abin, har sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wasu da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ban da haka ga ruftawar rami, ga 'yan bindiga, waɗanda saboda su ne gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, sai a ƙarshen 2024 aka ɗage.

Na ce masa: "Waɗanda suka yi karatu a gindin wannan gini, shekara 500 ana zancensu. Kai ma koma ajinka, zinare ba ya ruɓewa."

Ba zan ce muku ya tuba nan take ba. Shiru ya yi. Amma har yau bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban daina sa ido ba.

Wadda ta sami zuwa Gobarau, ta je da safe kafin rana ta buɗe. A nemi izinin masu kula da wurin kafin a hau, a riƙe hannun ƙanana a matakala, kuma kada a bar yara su ƙarce bango da sunayensu.

Wadda kuma take da mai zuwa haƙa a gidanta, don Allah kada a daka dutse ko a niƙa shi a tsakar gida. Ya cire kayan aikinsa a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. In kin ga yaro da amai, ciwon ciki, kasala ko jijjiga, ki garzaya da shi asibiti, ki kuma faɗa musu aikin da ake yi a gidan.

Ke fa, 'yar uwa, da ɗanki ya zo miki da zancen rami, me kika ce masa? Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.