Mai gadi ba alƙali ba ne

Kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Karin maganar gaskiya ce, amma a Kasuwar Assihar mun yi mata fassarar da magabata ba su nufa ba: wai idan ranar mai kaya ta zo, duk abin da ya ga dama halal ne. Da an yi ihun ɓarawo tsakanin rumfunan atamfa da na kayan yaji, sai mai gadi ya zama ɗan sanda, ya zama alƙali, ya zama mai bulala, duk kafin a sha kofin shayi ɗaya. A ja yaro bayan shago, a lalube aljihunsa, a karɓe wayarsa, a yanka masa tarar da ta ninka kuɗin sabulun da ya ɗauka. Mu kuwa mu yi cirko-cirko muna kallo, wani ma ya ɗaga waya yana ɗauka.

To wa ya ba shi wannan iko? Ba dokar Aljeriya ba. Tun 1966, dokar bin shari'ar laifuka ta tanadi cewa wanda aka kama dumu-dumu yana aikata laifin da ke da hukuncin ɗauri, kowane mutum na da damar riƙe shi ya kai shi ga jami'in binciken laifuka mafi kusa, ɗan sanda ko jandarma. A lura da kyau: kowane mutum. Ke nan mai gadi, ko da kaki ko babu, ko kamfanin tsaro ne ya turo shi ko 'yan kasuwa ne ke haɗa masa kuɗin wata, bai fi mai tallan goro iko ba. Ya riƙe, ya miƙa. A nan aikinsa ya ƙare. Babu tuɓe mutum a ciki, babu kulle shi a ɗakin ajiya har magariba, babu tara, babu tambayar takardun zama. Tsare wanda ake zargi don bincike aikin jami'in hukuma ne, shi ma da wa'adi da sa idon mai gabatar da ƙara.

Doka ba ta yi wa sata sassauci ba. Sashe na 350 na kundin laifuka ya yanke wa ɓarawo ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Amma sashe na 264 na wannan kundi ya yanke ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga wanda ya doki mutum har ya kasa aiki fiye da kwana 15. Mai sanda da mai sata na iya kwana a ɗaki ɗaya. Yaran kuma da muka fi saurin kai wa mari, dokar kare yara ta 2015 ta hana ko 'yan sanda su tsare wanda bai kai shekara 13 ba.

Mun san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce: kai yaron nan ofishin 'yan sanda ai ya fi duka muni. Yawancinsu daga Nijar suka zo, ba takarda, kuma kowa a garin nan ya san hanyar da ke bi ta In Gezzam ta ƙare a cikin rairayi, inda ake sauke mutane su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. Saboda haka, in ji su, bulala goma rahama ce. Wannan hujja tana da fuskar tausayi, cikinta kuwa cin zali ne. Ana dukansa ne domin an san ba shi da bakin kai ƙara. Ɗan gari mai dangi da katin ɗan ƙasa, wa ya taɓa tuɓe shi a bayan rumfa? Tsoron hukuma da ke zuciyar baƙo shi muka mayar jari, muna karɓar kuɗi a kansa. Idan da gaske tausayi ne, hanyarsa a buɗe take: karɓi kayanka, kira dattijon unguwarsu ko wanda ya sauke shi, a yi masa faɗa, a sallame shi. Ko hukuma, ko afuwa. Duka da tara ba sa cikin ko ɗaya.

Masu fakewa da addini ma ba su da mafaka. A mazhabar Malikiyya da muke bi tare da mutanen ƙasar nan, haddin sata na da sharuɗɗa: kayan su kai rubu'in dinari, a ɗauke su daga ma'adanarsu, a samu shaidu ko iƙirari, kuma shugaba ne ke zartarwa. Ko a ƙasar Hausa ta da, dogari kama ɓarawo yake yi ya kai gaban alƙali.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mantuwarmu. Mu 'yan tsiraru ne a Tamanrasset, kuma idan aka yi ihun ɓarawo, an san launin fatar da idanu ke fara nema. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo a Najeriya, 'yan banga suka tare matafiya 'yan Arewa, aka yi musu zargin garkuwa da mutane, taro ya kashe 16. A nan Aljeriya, a watan Agusta na 2021, taro ya kashe Jamal Bensmail a Larba Nat Iraten bisa zargin cinna wa daji wuta, alhali taimakon kashe gobarar ya je yi. Duk biyun da zargi suka fara, da mutanen da suka ɗauka cewa riƙe mutum ya ba su ikon hukunta shi. Duk ranar da muka yarda mai gadi ya yi shari'a a bayan shago, mun sa hannu a kan ƙa'idar da gobe za a karanta wa ɗanmu, mai laifi ko marar laifi.

Masu shagunanmu su faɗa wa duk wanda suka ɗauka gadi iyakarsa tun ranar farko, a gaban shaidu. Mai gadin da ya karɓi tara, a sa ya mayar a bainar jama'a. Wanda kuma ya zaɓi hukuma, lambar 'yan sanda 1548 ce, ta jandarma 1055, kuma kiran kyauta ne.