Ajiyar da ba a gani: lamunin da ke kan masu riƙe da bayanan jama'a

Tun daga watan Disambar 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, rayuwar ɗan Najeriya ta rataya a kan lambobi 11. Da su ake buɗe asusun banki, da su ɗalibi ke rajistar jarrabawar JAMB, da su maniyyaci ke neman fasfo. Kafin nan, a 2014, Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN. Mun yi layi a rana, mun miƙa sunayenmu da hotunanmu da zanen yatsunmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi hannun wa waɗannan abubuwa suka faɗa.

Shekarar 2024 ta ba mu wani ɓangare na amsar. A watan Maris, jaridar bincike ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN ga duk wanda ya biya. A watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa da naira 100 kacal ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani, daga wani shafin dabam. Hukumar NIMC ta musanta cewa an yi wa rumbunta kutse. Ko da mun karɓi wannan, maganar ba ta yi sauƙi ba, domin idan ba a fasa katanga ba amma kaya suka fita, to ta ƙofa suka bi, kuma ƙofa tana da mai riƙe da mabuɗinta. A nan ne zancen ya taɓa 'ya'yanmu da suka karanci kwamfuta, waɗanda ke aiki a bankuna da kamfanonin waya da cibiyoyin rajista.

Mas'alar tsohuwa ce a fiƙihu, tufafinta ne kawai sabo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakuna, ya sa aka yi masa zoben azurfa na hatimi, sannan ya hana kowa ya zana irin rubutun da ke jikinsa, don kada wani ya yi magana da sunansa. Ya kuma umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, saboda kada sirrin wasiƙunsa ya dogara ga wanda bai amince da shi ba. Tabbatar da cewa mutum shi ne shi, da tsare saƙo daga idon da bai dace ba, su ne ginshiƙan wannan sana'a har yau.

Abin da muke so ma'aikatan wannan fanni su yi nazari a kansa shi ne babin ajiya. Asalin hukunci shi ne, wanda aka ba wa ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Amma malaman Malikiyya sun ware masu sana'ar da suka kafa kansu domin yi wa jama'a aiki, kamar tela da marini, suka ɗora musu lamunin kayan da ya ɓace a hannunsu, sai in an sami hujjar cewa ba laifinsu ba ne. Dalilinsu maslaha ce: mutane ba su da makawa sai sun kai musu kaya, kuma ba sa ganin abin da ke faruwa a cikin shago. A fahimtarmu, wannan dalili ya fi ƙarfi a kan mai riƙe da bayanai. Wanda ya kai ɗinki yana iya sauya tela. Wanda ya je rajista ba shi da zaɓi. Kuma yadi in ya ɓace ana sayen wani, kalmar sirri ana canza ta, amma zanen yatsa ba ya canzuwa har kabari.

Saboda haka ha'inci a wannan aiki bai tsaya ga mai sayar da bayanai ba. Ma'aikacin da ya ba abokinsa aron kalmar sirrinsa don ya fita cin abinci, da wanda ya bar tsohon ma'aikaci da izinin shiga rumbu bayan an sallame shi, da wanda ya san manhaja na da ɓaraka ya ɗaga gyaranta wata bayan wata, duk sun shiga babin sakaci. Akwai kuma wani nau'i da al'adarmu ke yi wa ado da sunan zumunci: kawu ya ce a duba masa asusun wanda yake bi bashi, ko miji ya nemi jerin lambobin da matarsa ta kira. Wannan shi ne binciken asirin mutane da Suratul Hujurati ta hana, kuma kasancewar mabuɗi a hannun mutum bai halatta masa leƙe ba. Mun san ƙin biya wa babba buƙata yana da nauyi a wurinmu, sai dai ma'aikacin ba da abinsa zai yi kyauta ba.

Dokar ƙasa ma ta kama wannan hanya. Dokar Kare Bayanai da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanai sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan an sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu su, kuma tarar manyan kamfanoni na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A wajen Musulmi, ɓoye ɓaraka don kare sunan kamfani ha'inci ne na biyu a kan na farko, domin yana hana mai asusu damar rufe shi kafin a kwashe.

Magidanta ma da nasu kason. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi game da matasan da ke sayen NIN da BVN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusun damfara da su. Talauci ne ke kai mutane ga haka, mun sani, amma ranar da aka bi sawun kuɗin sata ko na fansa, sunan mai lambar za a fara gani.

Ga ɗalibanmu kuwa, muna ganin koyon tsaron intanet ya shiga sahun farillan da idan wasu suka ɗauke, sauran sun huta, kamar likitanci. Suratul Ƙasasi ta haɗa sharuɗɗa biyu ga wanda za a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, kuma ƙarfi a nan shi ne ƙwarewa. Abin da ya rage a kanmu, mu malamai, shi ne mu zauna da waɗannan ma'aikata su fahimtar da mu yadda aikin yake, domin tambayoyin da suke kawowa, irin su hukuncin gwada kutse da izinin kamfani ko miƙa bayanan mutum ga jami'an tsaro ba tare da umarnin kotu ba, ba a amsa su daidai sai an san surarsu.